Kawu da Irin Kuɓewar Kaka

Allah ya karɓi abinsa da hantsin wata Laraba a ƙarshen damina, kafin la'asar kuwa an kai Kawu makwancinsa. Ni ina cikin gida tare da mata, don haka abin da na sani na zaman makokin maza shi ne abin da kunnena ya jiyo daga zaure. Abin da na jiyo kuwa ban taɓa jin irinsa a gidan mutuwa ba. Bayan an yi addu'a an shafa, sai wani mai muryar tsufa ya ce, "Scatter!" Wasu muryoyi suka amsa masa baki ɗaya, "Watsa!" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi ana jin kunya, sai kuma na ji wani yana fyace hanci. Daga baya aka gaya mini mai muryar wani tela ne daga Gwallaga, masu amsawar kuma har da wani babban ma'aikacin gwamnati da 'yan acaɓa. Dukansu sun taɓa zama a ajin Kawu.

Matan da suka riƙa shigowa gaisuwa su ba Turanci suka tuna ba. Kowacce in ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta ce, "Ya haƙuri?" sai ta ƙara da cewa, "Allah ya jiƙan Tica, ya taɓa ba ni irin kuɓewa." Wata ta ce a bakin asibiti ya ba ta. Wata ta ce ruwa kawai ta shigo nema wa ɗanta, ta fita da ƙullin iri a hannu. Suna faɗa suna murmushi, sun ɗauka daɗi suke sa wa Inna. Ni da nake zaune kusa da ita ina ganin yadda take runtse ido duk lokacin da aka ambaci kuɓewar nan.

Ni kaɗai na san dalili. Irin kuɓewar da Kawu ya gada daga mahaifiyarsa, wanda ya yi rayuwarsa yana rabawa, ya ƙare a gidanmu, ko ƙwaya ɗaya babu. Kuma da hannun Inna ya ƙare. Mutuwar mijinta ta karɓe ta da tawakkali, ta ce lokaci ne. Maganar irin nan ce ta hana ta cin abinci.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na unguwar Ɗan Iya a Bauchi na tashi, domin ƙauyenmu babu makaranta a lokacin. Turanci ya koyar a wata firamare a Gwallaga har ya yi ritaya, shi ya sa unguwa duka Tica take ce masa. Dogo ne siriri, mai tsohon keken da ƙararsa ke riga shi isowa gida, kuma aljihun rigarsa bai taɓa rabuwa da abu biyu ba: guntun alli da ƙullin takarda. Yana da ra'ayinsa game da koyarwa, kuma babu wanda ya isa ya sauke shi daga kai. Ya ce kalmar da yaro bai gani da ido ba, bai taɓa da hannu ba, haddarta kawai zai yi, ranar jarrabawa ta gudu ta bar shi. Saboda haka mu 'yan gida mun sha darasi fiye da 'yan makaranta, domin mu babu ƙararrawar tashi.

Na fi tuna yammacin da ya koya mana kalmomin watsewa da rabuwa da ɓarna. Ya tara mu a tsakar gida, ni da 'ya'yansa, ya zura hannu cikin kwaryar geron Inna, ya damƙo, ya yi wurgi da shi sama. Gero ya zubo ko'ina, kaji suka taso da gudu har suna tuntuɓe da juna.

"Wannan shi ne scatter," in ji shi. "Ku faɗa."

Muka faɗa, kowa da irin tasa karyewar harshen. Daga kicin Inna ta ɗaga murya, "Malam, geron nan na kunun safe ne fa!"

"Su ma kajin 'yan gida ne," ya ce, ko juyawa bai yi ba.

Daga nan ya sa aka ɗauko tiren wake, ya ce mu tsince tsakuwa gefe, mai ƙwari gefe, mai kyau gefe. Wannan kuma separate ke nan, wato ware abu daga abu da sani, kana duban kowanne. Ita ce kalmar Turanci guda ɗaya da Inna ta yarda ta koya, don ta ga amfaninta. Har muka girma, in za ta dafa wake sai ta ce, "Ku zo ku yi mini safaret ɗin nan," mu kuwa ba mu da bakin ƙi, tunda karatu ne.

Disperse kuma sai da muka jira Juma'a. Ya tsayar da mu a bakin titi bayan an sallame, muna kallon jama'a suna fitowa daga masallaci, wasu dama, wasu hagu, wasu suna neman takalmi. Ya ce mu lura, gero bai san inda zai faɗi ba, amma mutanen nan kowa ya san inda ya nufa, kuma mako mai zuwa za su sake haɗuwa. Ni dai a lokacin hankalina yana kan mai sayar da rake, amma ga shi har yau ban manta ba.

Kalma ɗaya ce Kawu ya ƙi gwadawa da hannunsa, ita ce waste. Ya ce ba zai yi ɓarna don ya koyar da ɓarna ba. Sai dai in muna tafiya muka ga famfon da wani ya bari a buɗe ruwa na bin kwata, ya tsaya ya nuna mana, ya faɗi kalmar, sannan ya je ya rufe. Ranar da muka wuce wani gidan biki aka juye shinkafa a bola, masu gidan suna alfahari da cewa abinci ya yi saura, sai ya ce wannan ta wuce waste, ta zama squander, ɓarnar da ake yi ana so a gani. Babban ɗansa, wanda duk cikinmu ya fi baki, ya ce, "To Baba, geron da ka watsar fa?"

Kawu ya ji daɗin tambayar har ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "In kuka rasa gane ko abu ɓarna ne, tambaya biyu za ku yi. Wa ya ci? Me ya tsiro? In an samu amsar ɗaya daga ciki, ba ɓarna ba ce." Tambayoyin nan biyu sun zama abin tsokana a gidan. Ko kofin shayi wani ya kifar, sai ka ji an ce, "Wa ya ci?"

Maganar kuɓewa kuwa ta girmi dukanmu. Kaka, mahaifiyar Kawu da mahaifiyata, ita ta zo da irin daga ƙauyensu, ƙulle a bakin zane, lokacin da aka kawo ta birni. Kuɓewa ce gajeruwa mai kauri, jikinta da ratsin ja, ga yauƙi, ga wani ƙamshi da ba na kasuwa ba. Cokali ɗaya na garinta ya ishi tukunya. Da Kaka ta rasu, Kawu ya ci gaba da shuka ta a ɗan filin bayan gida. Kowace shekara yakan bar wasu su ƙosa a jikin uwarsu har su bushe, ya yanke, ya ɗaure su dami, ya rataye a kicin inda hayaƙi ke korar ƙwari. Wannan damin shi ne iri.

Matsalar ita ce Kawu ba ya iya ganin mutum bai ba shi iri ba. Sai ya ɓare kuɓewar, ya yagi tsohuwar takardar jarrabawa, ya ƙulla 'yan ƙwayoyi, ya cusa a aljihu. Mai gyaran keke ya samu, mai kawo ruwa ya samu, iyayen yaran da suka zo ƙorafin an doki ɗansu su ma sun koma da ƙulli. Bai taɓa tambayar mutum ko yana da wurin shuka ba.

Wannan ita ce rigimarsa da Inna, kuma ta kai tsawon aurensu. Inna mace ce mai tattali, wadda ko ashana ba ta kunna biyu in ɗaya za ta yi. A ganinta mutanen nan karɓa kawai suke yi don kunya, suna fita su jefar a kwata. Takan ce, "Malam, kai da kake koya wa yara kada su yi ɓarna, kai ne sarkin almubazzarai." Shi kuma ya ce watsawa yake yi, ba zubarwa ba. Ta ce ita ba ta ga bambanci ba, tunda damin raguwa yake yi.

Wata shekara abin ya yi tsanani. Ruwan farko ya sauka, aka je ɗauko iri, sai aka tarar da abin da ya rage bai kai ya cika rabin filin ba. Inna ta yi fushin da ban taɓa ganin irinsa ba, ta daina yi masa magana, sai dai ta aike mu. "Ku gaya wa Tica abincinsa na nan." Shi kuma ya ce, "Ku gaya wa uwar gidan na gode." Muna tsakiya muna kai saƙo tsakanin mutane biyu da ke zaune a tabarma ɗaya. Tun daga shekarar Inna ta fara ɓoye nata irin a gwangwanin madara ƙarƙashin gado. Kawu ya san wurin sarai. In nasa ya ƙare sai ya je ya ɗiba, ita kuma ta yi kamar ba ta lura ba, ta jira sai an yi baƙi ta tona masa asiri.

Akwai amininsa da suka koyar a makaranta ɗaya, malamin lissafi ne, Kirista daga kudancin jihar, yana zaune a Fadaman Mada. Baba Lissafi muke ce masa, matarsa kuma da ba ta taɓa koya wa kowa ko ɗaya da ɗaya ba ta zama Mama Lissafi. Da Sallah su zo mana, da Kirsimeti mu je musu. Sau ɗaya tak na san sun ɓata, kuma kuɓewa ce sila.

Mun je gaisuwar Kirsimeti ne, an kawo shinkafa da kaza, sai idon Kawu ya faɗa kan kabad ɗin gilashi da ke falon. Can ciki, kusa da hoton aurensu, ga ƙullin takardar da ya ba shi tun shekarun baya, ko kwancewa ba a yi ba. Baba Lissafi ya ga inda yake kallo, ya ce cikin jin daɗi, "Ka gani? Kyautanka yana nan, na ajiye shi da kyau."

Kawu ya ajiye cokali. Ya ce, "Na ba ka abu mai rai, ka sa shi a kurkuku kana nuna wa baƙi?" Ya miƙe ya sa takalmi, ya ce mu tashi. Ni abin da ya fi ƙona mini rai cinyar kazar da na bari a faranti. A hanya yana tura keke yana faɗa shi kaɗai, wai da ya jefar a bola ma ya fi, ko ba komai bola tana da ƙasa.

Ba su sake magana ba har damina ta zo ta kusa wucewa. Wata safiya sai ga Baba Lissafi a kan babur, da tire ɗaure a baya cike da ɗanyar kuɓewa mai ratsin ja. Ya sauke a ƙofar zaure, ya ce, "Ga fursunanka, na sake shi." Kawu ya ɗauki ɗaya, ya karya bakinta ya ji ta yi ƙas, ya ce, "Wa ya shuka? Na san dai ba kai ba ne." Baba Lissafi ya ce, "Mama ne ya shuka, ni na yi lissafin rami." Suka yi ta dariya kamar yara, aka kawo musu kunu, maganar ta wuce.

Da 'ya'yansa suka girma, aiki da aure suka kwashe su, wannan Kano, wannan Legas, wancan Gombe. Inna takan zauna a tsakar gida ta ce gida ya watse. Kawu ya ce disperse suka yi, kowa ya san inda ya nufa, kuma da Sallah za su dawo. Ta ce ya riƙe Turancinsa, ita 'ya'yanta take so. Amma na lura takan ɗan saki rai in ya faɗa.

Ni ma na ci moriyar kalmomin nan a lokacin da na fi bukata. Aurena ya mutu, na dawo gidan Kawu da 'yata a goye, kuma matan unguwa ba su raga mini ba. Kowacce ta zo jaje sai ta ce, "Kash, ƙuruciyarki ta tafi a banza." Na yi ta ji har na yarda. Na shige ɗaki na daina fitowa. Wata rana da hantsi Kawu ya yi sallama, ya shigo da tiren wake, ya zauna a tabarma, dattijo da furfurarsa, ya fara tsinta. Kunya ta sa na matso na sa hannu. Muka yi ta tsinta. Can ya ce, "Abin da ya same ki separate ne. An ware wannan gefe, an ware wancan gefe, kowa ya huta." Sai ya nuna tsakar gida da haɓa, inda 'yata ke rarrafe tana bin kaji. "Masu cewa a banza, ki tambaye su, waccan fa daga ina ta tsiro?" Na yi kuka sosai a ranar, amma shi ne kukan ƙarshe da na yi wa auren. Ba da daɗewa ba na samu aiki a Jos, kuma shi ya raka ni tasha.

Ciwonsa ya fara ne da bazarar bana. Da farko ƙafa ce, daga baya ciki ya shiga. Ruwa ya sauka bai iya ɗaga fartanya ba, Inna kuma jinya ta sha mata kai, filin bayan gida ya cika da ciyawa. Aka ce ba komai, iri na nan, baɗi a shuka. Sai dai ko a kwance Kawu bai daina halinsa ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sa a miƙo masa kuɓewa daga damin, ya ɓare da hannunsa, ya ƙulla. Gwangwanin Inna ma bai tsira ba, jikoki ya riƙa aikawa ƙarƙashin gadon. Kafin na ɗauki hutu na zo, abin da ya rage a kicin bai fi a riƙe a hannu ɗaya ba.

Na tarar ya daina cin abinci. An gwada kunu, an gwada farfesu, ya kawar da kai. Wata safiya ya buɗe ido ya ce shi tuwon dawa yake so da miyar Kaka. Busasshiyar kuɓewar miya ta ƙare tun kafin azumi. Aka sayo ta kasuwa aka kaɗa, ya kai loma ɗaya baki ya ce, "Wannan ba ita ba ce," ya koma ya kwanta.

Washegari na dawo daga sayen magani da rana tsaka, na ji ƙarar turmi. Na leƙa kicin, igiyar da ake rataye iri tana lilo babu komai. Na ce, "Inna, irin ne fa!"

"Na sani," ta ce. "Riƙe mini rariya."

Ta riga ta dake shi duka. Kuɓewar iri ta tsufa, duk zare ce, sai da muka tankaɗe muka sake tankaɗewa kafin aka samu ɗan garin da zai yi kwano ɗaya. Miyar ba ta yi yauƙin kirki ba, amma ƙamshin nan yana nan. Inna ta tallafo shi ta jingina da filo, ta riƙa ba shi da hannunta. Ya cinye tuwon tas, har ya sa yatsa ya suɗe kwanon. Sannan ya dube ta.

"Irin ne?"

"Shi ne."

"Duka?"

Inna ta gyaɗa kai. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Wa ya ci?"

"Kai," ta ce.

"To," in ji shi. Ya gyara kwanciya ya yi barci mai daɗi. Wannan shi ne abincin kirki na ƙarshe da ya ci a duniya.

Shi ya gamsu, ita ba ta gamsu ba. Bayan rasuwar, in mata sun ragu, sai ta jawo ni ta ce, "Ko ƙwaya biyar ban ware ba. Ni da na iya safaret. Hankalina ne bai kai ba, so nake kawai ya ci." Ta ce Kaka ta ɗauko abu tun daga ƙauye a bakin zane, ɗanta ya riƙe shi har tsufa, ita kuma ta zuba a turmi. Na ce mu tambayi mutanen da ya ba. Ta ce, "Da wane bakin? Ni da na yi shekaru ina zaginsa a kan ba su? Kuma wa kike zaton ya shuka? Karɓar kunya ce kawai." Ta hana ni gaya wa kowa, har 'ya'yanta.

Mama Lissafi ce ta ɓalle maganar. Ta zo gaisuwa, ta ga kwanon abincin Inna a rufe tun safe, ta zauna ta ƙi tashi sai an gaya mata abin da ake ciki. Inna ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta fashe da kuka ta faɗa. Mama Lissafi ta saki baki tana kallonta. Ta ce, "Wane kuɓewa? Jan nan? Shi ne kike kashe kanki? Maman yara, ya cika bayan gidana, har faɗa nake yi da shi yana shiga cikin masara!"

Ta fita zaure ta gaya wa mijinta, shi kuwa Baba Lissafi ba a ba shi ajiyar magana. Kafin a watse a ranar, duk wanda ke zaure ya ji.

Ranar sadakar bakwai abin ya fara tun da safe. Baba Lissafi ne ya fara aiko da dami guda, busasshe, yana ƙara in an girgiza. Sai telan Gwallaga ya aiko da nasa, ashe a fasassun bokitai yake shukawa bayan shago. Wani ɗan acaɓa ya kawo a leda. Wata mata da babu wanda ya san ta a cikinmu ta zo daga wani ƙauye a hanyar Ningi, ta ce ita ba ta taɓa ganin Tica ba, yayarta ce ta ba ta iri, ita kuma yayar a wurin wani mai gyaran keke ta samu. A garinsu, in ji ta, 'yar Bauchi suke ce wa kuɓewar.

Inna tana zaune a tabarmar takaba ana tara mata a gaba. Da farko kallo kawai take yi. Can ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta duba ratsin, ta ɓare ta zuba ƙwayoyin a tafin hannu ta sansana. Sai ta ɗauki wata. Da ta zo kan wata doguwa siririya da wani bawan Allah ya kawo don dai kada ya zo hannu rabbana, sai ta ture ta gefe ta ce, "Wannan ba tamu ba ce, ta kasuwa ce. A mayar masa, a ce mun gode." Da na ji wannan muryar na san Inna ta dawo. A ranar ta ci tuwo.

Ba zan ce kowa ya shuka ba. Da yawa sun jefar, kamar yadda Inna ta sha faɗa, wasu ma sun faɗa da bakinsu suna dariya. Amma abin da ya dawo ya ninka damin da Kawu ya taɓa ratayewa a kicin, kuma na yi farin ciki irin wanda ban zaci zan yi a gidan makoki ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa abin da ya watsa ya tarar da shi a can.

Da la'asar mata suka fara shirin tafiya, sai Inna ta ce in ɗauko mata tsofaffin takardun jarrabawar da ke cikin akwatinsa. Na ɗauka adana su za ta yi. Sai na ga ta yaga ɗaya, ta ɓare kuɓewa, ta ƙulla. Ƙullin nata bai yi kyau kamar nasa ba, amma ta ci gaba. Duk matar da ta zo sallama sai ta miƙa mata ɗaya, har waɗanda suka kawo. Da ta zo kaina na ce, "Inna, ni a bene nake a Jos, ba ni da ƙasa."

"Ki ba mai ƙasa," ta ce. "In na gama takaba na zo na tarar da shi a kabad ɗinki, ni da ke ne."

Na duba tabarmar, tulin nan duk ya tafi, saura 'yan kaɗan da ta sa aka rataye a igiyar kicin. Na ce, "Kin bar wa gida kaɗan fa."

Ta ɗaga kai ta dubi igiyar, ta karkaɗe zanenta.

"Ya isa," ta ce. "In ya ƙare, na san inda zan tambaya."